An ce ba ni da kiredit a Amurka, ta ina ɗalibi zai fara?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Ohayo, daga Kano na zo, shekarata ta biyu kenan da bizar karatu, shekaruna 20. Watan jiya na je neman ɗaki a wajen makaranta da kuɗina a hannu, mai kula da gidan ya duba kwamfuta ya ce ba ni da kiredit, sai dai in kawo wanda zai tsaya min ko in ajiye kuɗin wata biyu. Ni tunda nake ban taɓa cin bashin kowa ba, a gida kuma abin yabo ne wannan. Abokaina sun ce in buɗe katin bashi, ni kuma ina tsoron riba, ina kuma tsoron in shiga abin da ba zan iya fita ba. Don Allah mene ne kiredit ɗin nan, kuma ta ina irina zai fara?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Wallahi da na karanta saƙonka sai na tuna kaina, don irin wannan tsayuwar a gaban tebur nima na yi ta, da ambulan ɗin kuɗi a aljihun rigar sanyi, matar ofis ɗin ta juyo min da fuskar kwamfuta ta nuna min inda ya kamata a ga lamba, wajen fili fetal babu komai. Ranar na ɗauka raini ne kawai, na fito raina a ɓace. Daga baya Allah ya sa na yi shekaru ina aiki a teburin bada rance na wata ƙaramar ƙungiyar ajiya da lamuni, irin waɗanda masu ajiya ne masu su, sai ya zama ni ne kuma nake juya wa mutane fuskar kwamfutar. Toh in na gane ka daidai, kana so ka san me suke dubawa da har kuɗi a hannu bai wadatar da su ba, kuma ko akwai hanyar da za ka samu abin ba tare da ka ci riba ko bashi ya hau kanka ba. Akwai, kuma ba ta da wahala, haƙuri kawai take so.

Ka fara da wannan. A Kwari ko Singa in ɗan kasuwa zai ba yaro kaya ya je ya sayar ya kawo kuɗi, ba takarda yake dubawa ba, ya san ubansa, ya san unguwarsu, ya san wanda ya kawo shi, in ma bai sani ba zai tambaya a faɗa masa gaskiya kafin la'asar. A Amurka mutum yau yana Tekzas gobe ya koma Minesota, ba wanda ya san asalin wani, shi ya sa suka mayar da amanar ta zama rubutu. Kamfanoni uku ne ke riƙe da rubutun, Equifax da Experian da TransUnion, bankuna da masu bada kati suna tura musu labari kusan kowane wata, wane yana da kati kaza, iyakarsa kaza, ya ci kaza, ya biya a kan lokaci ko ya makara. Daga wannan rahoton ake fitar da maki. Wanda masu bada rance suka fi amfani da shi shi ne FICO, ya fito tun 1989, yana farawa daga 300 ya tsaya a 850, daga 670 zuwa sama ake cewa mai kyau ne. Akwai kuma VantageScore da kamfanonin ukun suka haɗu suka fitar a 2006, shi ne yawanci za ka gani a manhajojin kyauta, don haka kar ka rikice in ka ga lambobi biyu ba su zo ɗaya ba.

Kai ba maki mara kyau gare ka ba, babu makin ne kwata-kwata, kuma akwai bambanci sosai. Rashin cin bashin da muke yabo a gida su a wajensu yana nufin ba a taɓa gwada ka ba. Ko da ka taɓa cin bashi a Najeriya ka biya tsaf, abin da kamfanonin riƙe rahoton bashi na can, irinsu CRC ko FirstCentral, suka rubuta a kanka yana can, baya biyo ka cikin rahoton nan. Adashi ma da kake zubi da 'yan uwa a masallaci ba a ƙirga shi, katin cirar kuɗi na asusunka ma haka, don kuɗinka ne kake kashewa ba aro ba. Da yawa daga cikin yaranmu suna shekara uku suna goga katin cirar kuɗi suna zaton suna gina wani abu, ranar da suka zo neman mota sai su ga wayam.

Kuma abin ba a ɗaki kaɗai ya tsaya ba. Kamfanin waya yana dubawa, na wuta yana iya neman ajiya in bai ga komai ba, a yawancin jihohi kuɗin inshorar mota ma yana da alaƙa da shi. Har kamfanonin da ke sayar wa Musulmi gida ba da riba ba, irinsu Guidance Residential da UIF, su ma sai sun duba kiredit ɗinka. Kaga kenan ko wanda ya yi niyyar ba zai taɓa kusantar rancen ruwa ba yana da buƙatar sunansa ya kasance a rubuce.

Yadda ake haɗa makin

FICO da kansu sun faɗi yadda suke auna abin. Kashi 35 cikin ɗari tarihin biya ne, wato kana biya a kan lokaci ko a'a. Kashi 30 yawan abin da ake bin ka ne, musamman nawa ka ci daga cikin iyakar da aka ba ka. Kashi 15 daɗewar tarihin, 10 sabbin neman bashi, 10 kuma ire-iren bashin da kake da su. Ka lura babu albashi a ciki, babu yawan kuɗin da ke asusunka, babu ƙasar da ka fito, kuma babu inda aka ce sai ka biya ruwa. Biyun farko su ne kashi 65, kuma duka biyun a hannunka suke tun daga watan farko. Na ƙarshen nan, ire-iren bashi, manta da shi, na sha ganin wanda ya je ya ɗauko rancen mota da bai buƙata wai don ya gyara kashi 10, wannan sayen wahala ne da kuɗinka.

Abu ɗaya da ba a iya gaggauta shi shi ne lokaci. FICO ba ya ba ka maki sai kana da aƙalla asusu ɗaya da ya yi wata shida a buɗe. Shi ya sa nake cewa ɗalibi ya fara yanzu yana aji biyu, ba sai ya gama ya samu aiki yana neman gida a garin da bai san kowa ba.

Ta ina za ka shiga

Abu na farko lambar SSN, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum don aiki da haraji. Mai bizar karatu ta F-1 ba a ba shi ita sai yana da aiki da izini, mafi sauƙi aikin cikin makaranta, laburare ko ɗakin cin abinci ko ɗakin kwamfuta, wanda doka ta yarda ka yi har awa 20 a sati lokacin da ake karatu. In ka samu aikin, ofishin ɗaliban ƙasashen waje zai ba ka takarda ka kai ofishin da ke bada lambar. Wannan aikin tsuntsu biyu yake jefa maka, don akwai dokar da aka yi a 2009 kan katin bashi, wadda ta ce wanda bai kai shekara 21 ba ba za a ba shi kati ba sai ya nuna yana da kuɗin shiga na kansa ko kuma wani babba ya sa masa hannu. Kai shekararka 20, toh ɗan albashin laburaren nan shi ne hujjarka. Akwai bankunan da ke karɓar fasfo ko lambar haraji ta ITIN a madadin SSN, kowane banki da tsarinsa, amma in za ka iya samun SSN ɗin ya fi, don ita ce ke sa labarinka ya taru waje ɗaya ba a haɗa ka da wani mai irin sunanka ba, mu kuma kasan sunayenmu, Muhammad da Abubakar da Ibrahim sun yi yawa. Kuma don Allah wajen cike fom ka rubuta kuɗin shigarka na gaskiya, ƙarya a takardar neman bashi laifi ne a dokar ƙasar, ba abin da mai biza zai yi wasa da shi ba ne.

Sai katin. Ni abin da na fi ba ɗalibai shawara shi ne katin jingina, wato ka ajiye kuɗinka, yawanci daga dala 200, su ba ka kati mai iyakar daidai abin da ka ajiye. Da wuya a hana ka don ba su da asara, kai ma ba za ka iya zurfafawa ba don iyakar ƙarama ce, amma a rahoto yana aiki kamar kowane kati. In ka riƙe shi da kyau wasu bankunan da kansu za su dawo maka da ajiyarka su mayar da shi kati na yau da kullum. Akwai kuma katin ɗalibai da ba ya buƙatar ajiya, in bankin da kake ajiya yana da shi gwada can tukuna tunda sun riga sun san shige da ficen asusunka. Kafin ka sa hannu tambayoyi biyu za ka yi, akwai kuɗin shekara? kuma kuna kai rahoto wajen kamfanonin nan uku duka? In akwai kuɗin shekara ko ba sa kai rahoto, yi gaba abinka.

Akwai hanyar da wani ɗan uwa mai tsohon kati zai sa sunanka a katinsa a matsayin wanda aka yarda ya yi amfani da shi, tarihin katin sai ya fito a rahotonka. Tana aiki, amma in ya makara ko ya cika katin kai ma zai taɓa ka, sannan kasan halin zumunci in kuɗi ya shiga. In za a yi, ya sa sunan ya riƙe katin a durowarsa, kar ma ya ba ka. Wasu gidajen haya kuma suna kai rahoton biyan haya ta hanyar kamfanoni irin Esusu, in ka samu ɗakin ka tambaya, ƙari ne mai kyau amma ba ya maye gurbin kati.

Yadda za ka riƙe katin

Nan ne ainihin maganar, ka karanta a hankali. Katin yana da rana biyu a wata, ranar da ake rufe lissafi a fitar da takardar abin da ka ci, da ranar ƙarshe ta biya, doka ta ce tsakaninsu aƙalla kwana 21. In ka biya duka abin da ke takardar kafin ranar ƙarshe, ba a ɗora maka ruwa ko sisi a kan sayayyarka. Duka fa na ce, ba ɗan ƙaramin adadin da suke rubutawa da manyan baƙi cewa shi ne mafi ƙarancin abin da za ka biya ba. Wannan ƙaramin shi ne tarkon. Ruwan katin ɗalibi yakan haura kashi 20 cikin ɗari a shekara, in ana bin ka dala 1,000 a kan kashi 24, kusan dala 20 kenan duk wata ruwa kawai, in abin da kake biya 30 ne ko 35 kaga uwar kuɗin da ƙyar take motsi.

Za ka ji wasu suna cewa wai sai ka bar ɗan bashi ya kwana zuwa wani watan kafin makinka ya hau. Ba gaskiya ba ne, na duba rahotanni ba adadi, wanda ke biya duka da wanda ke barin saura duk "ya biya a kan lokaci" ake rubuta musu, bambancin kawai ɗaya ya yi wa banki kyautar kuɗinsa.

Abin da nake sa ɗalibai su yi shi ne su ɗora abu ɗaya ƙarami a kan katin, kuɗin waya misali, dala 25 ko 30, sannan su saita asusunsu ya riƙa biyan duka takardar da kansa kowane wata, katin kuma a bar shi a ɗaki. Shikenan. Dalilin ƙarami shi ne kashi 30 ɗin can, don abin da banki ke kai wa rahoto yawanci shi ne adadin da ke kan katin ranar rufe lissafi. In iyakarka dala 300 ce ka sayi littattafan dala 270, ko da ka biya tsaf bayan sati biyu, rahoton wannan watan zai nuna ka ci kashi 90, makin ya sauka. Ana cewa kar ka wuce kashi 30 na iyakar katinka, ni nakan ce ka tsaya ƙasa da 10 in da hali, in kuma dole ta sa ka yi babbar sayayya ka biya kafin ranar rufewa. Wannan dai ba tabo ba ne mai daɗewa, watan da adadin ya sauka makin zai dawo.

Wanda ke daɗewa shi ne makara. In ka wuce kwana 30 ba ka biya ba ana kai rahoto, kuma yana zama shekara 7. Ba zan manta da wata yarinya ba, ta gama karatun jinya ta samu aiki, ta zo neman rancen mota da fara'arta, na buɗe rahoton sai ga makarar kwana 90 a kan katin wani kantin kaya. Ta buɗe shi ne don ragin da aka yi mata ranar, ta sayi takalmi, ta tafi gida hutu wata uku, takardun suna ta zuwa tsohon ɗakinta na makaranta. Kuɗin bai kai dala 50 ba. Ta zauna tana kallon takardar tana cewa ai na manta ne, kuma na yarda da ita ɗari bisa ɗari, amma ba ni da ikon goge shi. Har yau abin yana damuna. Don haka duk lokacin da za ka je Kano hutu ka tabbata biyan nan na kai tsaye yana aiki, akwai kuɗi a asusun, kuma imel ɗin da ka ba su ba na makaranta ba ne da za a rufe in ka gama.

Kar ka ciri tsabar kuɗi da katin bashi a na'ura, shi ruwansa daga ranar yake farawa babu kwana 21, ga kuma caji a kai. Kar ka bi kati biyar a wata ɗaya, duk neman da ka yi ana rubutawa ya zauna shekara 2 a rahoto. Katinka na farko kuma in ba shi da kuɗin shekara kar ka rufe shi, shi ne dattijon tarihinka.

Maganar riba

Ban ɗauki tsoronka da wasa ba, nima na yi shi. Ni ba malami ba ne, ba zan ba ka fatawa ba, amma zan faɗa maka yadda maganar take. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta ce bai halatta a yi mu'amala da katin da aka sa sharaɗin ruwa a cikinsa ba, ko da mutum ya yi niyyar biya kafin ruwan ya hau, saboda sa hannu a sharaɗin kansa. Akwai kuma malamai, musamman masu zaune a ƙasashen Turai da Amurka, da suka yi sauƙi saboda buƙata, da sharaɗin mutum ya tabbata zai biya duka a kan lokaci ba zai taɓa bari ruwa ya hau ba. Ka samu malamin da ka yarda da iliminsa, wanda kuma ya san yadda rayuwar nan take, ka faɗa masa tsarin kamar yadda na bayyana maka, ka bi abin da zuciyarka ta natsu da shi. In ka tsaya a kan ba za ka riƙe kati ba, toh hanyar sa suna a katin ɗan uwa da ta rahoton haya suna nan, za su fi jinkiri, kuma wani lokacin za ka ajiye kuɗi mai yawa wajen kama gida, amma ana rayuwa haka, na san masu yi. Abin da zan iya tabbatar maka daga ɓangaren aikina shi ne mutum yana iya kai maki 750 ko fiye bai taɓa biyan sisin ruwa ba, na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Ka tsare lambarka

Bayan wata shida ka shiga AnnualCreditReport.com, shi ne shafin da doka ta tanada, kyauta ne, yanzu ma duk sati kana iya dubawa, kuma duba naka da kanka ba ya rage maki. Ka karanta sunanka da adireshi da kowane asusu. In ka ga abin da ba naka ba ka rubuta wa kamfanin ƙorafi, doka ta ba su kamar kwana 30 su bincika. Kana kuma iya kulle rahotonka kyauta a wajen ukun duka yadda ba wanda zai buɗe kati da sunanka, ka buɗe ranar da kake buƙata, ba tsoro ne mara dalili ba tunda a 2017 an sace bayanan mutum kusan miliyan 147 daga Equifax.

Amma gaskiya ɓarnar da na fi gani a cikin mutanenmu ba ta ɓarayin intanet ba ce, ta kunya ce. Makinka yana fara kyau wani zai zo, ɗan gari ɗaya, wataƙila ma ya girme ka, ya ce ka sa masa hannu a mota ko ka karɓar masa waya da sunanka shi zai riƙa biya. Sa hannu a nan ba shaida ba ce irin ta gida, in ya daina biya kai ake bi duka kuɗin, makarar kuma a rahotonka za ta fito. In kana da abin taimako ka ba shi a hannu don Allah, amma sunanka da lambarka kar ka ba da aro, ko wane ne. Ka ce masa bizarka ba ta son rigima, gaskiya ka faɗa.

Game da ɗakin da kake nema yanzu, kiredit ba zai iso ba kafin zangon nan, don haka ka koma wajensu da takardar I-20 ɗinka, wadda makaranta ta ba ka don neman biza, da takardar banki ta wata uku da shaidar sikolashif in kana da ita, ka tambaya ko za su karɓa a madadin mai tsaya maka, gidajen da ke kusa da jami'a sun saba da irin wannan. In sun dage sai ajiyar wata biyu kuma kana da halin, ka tabbata an rubuta a yarjejeniya cewa ajiya ce da za a dawo maka, ka karɓi rasit, ka ɗauki hoton kowane lungu na ɗakin ranar da ka shiga. Abin da ya shafi izinin aiki da biza kuma kar ka tsaya a maganata, ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku kafin ka karɓi kowane aiki. In ka samu katin ka rubuto min ranar rufe lissafinsa da ranar biya, sai mu saita tare. Allah ya ba da sa'ar karatu.